Dikko Mai Sola da Rasuwar Bawa Bahago

A Argungu idan ka ce Dikko sai an tambaye ka wanne, amma idan ka ce Dikko Mai Sola ko mai tallan kifi a bakin tasha za ta nuna maka shagonsa. Dogo ne siriri, gemunsa ya riga kansa yin furfura, kuma ba ya ɗaga murya ko da injin niƙa na ruri a kusa da shi. Sana'arsa kafa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a gonakin shinkafa na fadama, da gyara shi idan ya lalace. A allon shagonsa an rubuta kamfani, amma duk kamfanin bai wuce shi da 'yan ma'aikatansa da wata tsohuwar a-kori-kura ba.

Tun da matarsa Kulu ta rasu, Allah ya jiƙanta, bai sake aure ba. 'Yarsu tilo, Riskuwa, tana aure a Jega, takan kira shi ranar Juma'a ta tambayi ƙafarsa, ya ce da sauƙi, shi ke nan hirar ta ƙare. Tukwanen Kulu suna nan a kife a madafa yadda ta bar su. Igiyar shanya da ta taɓa lanƙwasa saboda nauyin zannuwa, yanzu riga ɗaya ce da wando ɗaya suke lilo a kanta. Daga masallaci sai shago, daga shago sai fadama. Idan ya dawo ya sayi tuwon shinkafa a bakin hanya, ya ci rabi, ya rufe rabi don ɗumamen safe.

Shi da Bawa tare suka tashi a rumfar Malam Tamba mai gyaran rediyo, benci ɗaya, ƙwaryar fura ɗaya. Bawa bahago ne, shi ya sa Malam Tamba ya zaunar da shi a hagun Dikko don kada hannuwansu su riƙa karo in suna narka dalma. Bawa mai surutu ne da dariya, Dikko kuwa sai dai ya saurara. Zamani ya juya, rediyo ya ja baya, suka koma gyaran janareta, daga nan sola ta shigo. Bayan rasuwar Malam Tamba sai Bawa ya kwashe iyalinsa ya koma Birnin Kebbi, ya buɗe nasa kamfanin. Allah ya buɗa masa, ya yi motoci da ma'aikata masu riga iri ɗaya.

Ba su taɓa yin faɗa ba. Babu wanda zai ce ya ji ɗaya ya zagi ɗaya. Abin da ya shiga tsakaninsu 'yar takarda ce mai danƙo. Kowane injin sola yana da akwatin ƙarfe inda wayoyi suke haɗuwa, kuma al'adar masu sana'ar ita ce duk wanda ya taɓa inji ya gyara, sai ya liƙa sitikar kamfaninsa mai lambar waya a murfin akwatin, don in an sake samun matsala shi manomi zai kira. Wata shekara wani manomin Ambursa ya kira Bawa a kan injin da Dikko ya kafa. Da Dikko ya biyo ta gonar, sai ya ga rawayar sitikar Bawa a kan tasa shuɗiya. Da aka kira shi wata gona da Bawa ya kafa wa inji a Gulma, shi ma ya ɗora shuɗiya a kan rawaya. Daga nan aka ɗora. Ziyara ta mutu, kiran waya ya mutu, in sun haɗu a taro sai sannu sannu daga nesa. Akwai akwatunan da sitika ta hau sitika har murfin ya yi tudu.

Sai dai abin da mutane ba su sani ba, Dikko na son buɗe akwatin da Bawa ya taɓa. Kowa yana murɗe waya zuwa dama, Bawa kaɗai ne yake murɗe ta zuwa hagu. Idan Dikko ya ɗaga murfi ya ga murɗin hagu, sai ya tsuguna ya ce a hankali, "Kai Bahago, har yanzu ba ka bar gaggawa ba?" Wani lokaci kuma ya gyaɗa kai ya ce, "To, wanga kam ka yi aiki." A duk yini, sau da yawa maganar da ya fi yi da daɗi ke nan, shi kaɗai a tsakiyar fadama, ba mai ji sai balbela.

Labarin rasuwar Bawa ya same shi da hantsi a tsakiyar rani, lokacin da shinkafa ta fi bukatar ruwa. Ba wanda ya kira shi. Yana zaune a shago ya buɗe waya, sai ya ga hoton Bawa a zauren hira na masu sola da ke cikin wayar, yana murmushi cikin farar hula. A sama an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ƙasa kuma tambarin kamfanin wani Shamsu ne, matashin da ya shigo sana'ar da ƙarfinsa a Birnin Kebbi, da lambobin wayarsa manya-manya, sun fi sunan mamacin girma. Ya matsa ƙasa, ga na wani kamfanin, ga na wani. Kowa na jimamin rashin jigo, kowa da lambarsa. Daga nan ya gane cewa Bawa ya cika jiya da yamma bayan gajeriyar jinya, kuma an riga an kai shi tun da safe.

Dikko ya kife wayar a kan tebur. Ya tashi ya yi alwala, ya dawo ya zauna, ya rasa wanda zai gaya wa. Duk Argungu babu wanda zai zo ya ce masa ya haƙuri, don a idon kowa abokin hamayyarsa ne ya tafi, wasu ma za su ce hanya ta buɗe masa. Abu ɗaya yake so: ya je gidan ya yi gaisuwa, a karɓe ta a matsayin gaisuwa, kada a jera shi da masu lambar waya.

Ya dubi a-kori-kurarsa, ga sunan kamfani ɓaro-ɓaro a ƙofa. Sai ya tuna ranar da Kulu ta rasu. Bawa ya zo, amma ba da motar kamfani ba, kabu-kabu ne ya sauke shi daga tasha. Ya zauna can gefen tabarma, ya yi addu'a, ya tafi ba su ko haɗa ido sosai ba. Dikko ya bar motar a inda take, ya sa farar riga, ya nufi tasha.

A unguwar Badariya an kafa rumfa a ƙofar gidan. Zaman makoki yana da tsarinsa. Masu karɓar gaisuwa suna jere a jikin bango, a kan darduma, yayan mamacin Alhaji Abdussamadu a farko, sai babban ɗansa Musaddiq, sai sauran dangi. Masu zuwa kuwa su bi layi su ba da hannu, su zauna a tabarmar da ke fuskantarsu, a shafa fatiha, su ɗan jima, su tashi su ba wasu wuri. Wancan ɓangaren na waɗanda aka yi wa rashi ne, wannan na waɗanda za su koma harkarsu.

Dikko ya bi layi. Da ya zo kan Musaddiq ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah shi jiƙanai, shi gafarta mai."

"Amin. Mun gode, Malam Dikko," in ji Musaddiq, ya zare hannunsa. Yana ƙarami Baba Dikko yake ce masa, har yakan hau kafaɗarsa a je kallon bikin kamun kifi a Matan Fada. Yau Malam ne.

Ya koma can ƙarshen tabarma ya zauna. Ba a jima ba motar su Shamsu ta tsaya, suka fito cikin riguna iri ɗaya, ɗayansu na ɗaukar hoto da waya. Bayan an shafa, Shamsu ya matso kusa da shi.

"Baba Dikko, ashe kana nan. Ban ga naka saƙon ta'aziyyar ba a zauren masu sola. Ko ba ka da mai haɗa ma hoton? In turo ma yarona, yanzu-yanzu za shi yi ma."

"Bar shi, Shamsu."

"A'a Baba, kowa ya saka hwa. Kada a ce murna kake."

Ya faɗa da dariya-dariya, irin ta wasa, amma maganar ta zauna wa Dikko a ƙirji kamar dutse. Yana shirin tashi sai ga Malami, wani tsohon manomin Gulma, mai nauyin kunne, wanda raɗarsa ma ana jin ta a ƙetaren titi. Tsohon mai hulɗa da Bawa ne. Ya gurfana gaban Dikko ya kama gefen rigarsa.

"Alhamdu lillahi da nig gane ka! Injina ya tsaya tun shekaranjiya, mutanen marigayi sun rufe shago, ba mai ɗaukar waya. Shinkafa ta hwara nannaɗe ganye. Don Allah ka zo ka duba min."

Dikko ya ga Musaddiq ya ɗago kai yana kallonsu.

"Malami, nan ba wurin wagga magana ba ne," ya ce a hankali.

"Mi kac ce? Gobe?"

"Na ce ba nan ba."

Ya tashi ya sa takalmansa. Har ya kai bakin titi yana jin idanu a bayansa.

A mota, suna wuce Ambursa, ya riƙa kallon fadama ta taga, kore shar, farantan sola na ƙyalli nan da can. Da yawa ya san wanda ya kafa su. Idan ya je gonar Malami, kafin rana ta faɗi labari ya isa Badariya cewa Dikko ya fara kwashe mutanen Bawa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma gaisuwarsa ta zama abin da Shamsu ya ce. Idan bai je ba, shinkafar tsoho ta ƙone, ga iyali a bayansa. Ya isa gida, ya buɗe tuwonsa, ya mayar ya rufe.

Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki jakar kayan aiki, ya hau kabu-kabu shi kaɗai. Ya tarar da Malami tsaye a kan kunya, hannu a baya, yana kallon ƙasar da ta fara tsagewa. Dikko ya tsuguna gaban akwatin. Rawayar sitikar Bawa ce a sama, sabuwa. A gefenta kuma ɗan bakin shuɗiyar tasa ya leƙo. A nan ya lura da abin da ya daɗe yana gani bai taɓa tsayawa a kansa ba. Yaran yanzu da wuƙa suke kankare ta wani kafin su liƙa tasu. Bawa bai taɓa kankare tasa ba. Ɗorawa yake yi, kuma kullum sai ya bar gefe a waje.

Ya buɗe murfin. Ɓera ne ya gurguri waya ɗaya. Sauran duk ga su nan, murɗin hagu, tsaf-tsaf. Ya buɗe baki zai ce Kai Bahago, sai muryar ta ƙi fita. Sannan ya yanke inda ya lalace, ya fere, ya mayar da filaya hannun hagu. Hannun bai saba ba, wayar ta zame masa, ya sake, ta sake zamewa, har dai ta murɗu yadda 'yan uwanta suke. Rana ta hau kan farantan, injin ya yi ƙara, tiyo ya yi tari, ruwa ya ɓulɓulo cikin gona.

Malami ya yi kabbara. Da ya ga Dikko ya rufe akwati ya ɗauki jaka sai ya ce, "Ba ka manna takardarka ba!"

"Ta ƙare."

"Ga ta nan tana leƙe aljihunka!"

Dikko ya tura ta ciki. Ya matsa kusa da kunnen tsohon ya ce, "In ya sake tsayawa, lambar da ke nan za ka kira. Ɗan Bawa na nan, ya san aiki."

Ranar sadakar uku ya yi ta jinkiri. Ya share tsakar gida wanda ba ya bukatar shara. Ya sa riga ya cire. Daga baya ya ce wa kansa addu'a dai ba don mutane ake yin ta ba, ya tafi tasha.

Labari kuwa ya riga shi isa. Taron ya fi na ranar farko, ana rabon gumba da waina. Da ya miƙa wa Musaddiq hannu, sai saurayin ya karɓa da yatsu, ya ce ba tare da ya rage murya ba, "Mun ji an hwara zagayen gonaki. Allah shi ba da sa'a."

Alhaji Abdussamadu ya ce, "Kai, Musaddiq," amma bai ƙara ba. Dikko bai kare kansa ba. Me zai ce a gaban jama'a wanda ba zai zama talla ba? Ya koma ƙarshen tabarma, wurinsa na rannan, rabin jikinsa a rana. Ya yi niyyar da an shafa ya tafi, kuma ba zai sake taka unguwar ba.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta leƙo daga zaure ta yi wa Musaddiq magana a kunne. Ya ɓata fuska, ya taso ya tsaya a kan Dikko. "Inna na kira."

Sadatu, matar Bawa, tana takaba. Tun suna amare ita da Kulu suke ƙawance, kafin sitika ta raba gidajen biyu. Aka tsayar da Dikko a ƙofar ɗakinta, labule a sake. Ba ya ganin komai sai gefen tabarma da carbi a hannunta. Ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ta amsa da murya wadda kuka ya dusashe.

"Dikko, an ce ka tai gonar Malami."

"Na tai."

"Ka manna taka?"

"Ban manna ba."

Sai ya ji wani sauti kamar dariya kamar kuka. "Da shina da rai da ya damu. Ka san shekarar da Kulu ta kwanta jinya? Ba wanda yag gaya muna. Shi ka dawowa daga fadama shina cewa, Sadatu, ba lahiya gidan Dikko. In ce wa yac ce ma? Shi ce duk inda nib bi tawa sitikar na gani bisa, bai zo ya rufe ta ba. Bai iya cin abinci ba sai da ya sa anka bincika mai."

Dikko ya sunkuyar da kai. Musaddiq na tsaye a bayansa, bai motsa ba.

"Wata rana shi shigo da murna shi ce, yau na gamu da Dikko. In ce kun gaisa? Shi ce a'a, cikin akwati munka gamu, har yanzu shina ɗaure waya kamar mai ɗaure akuya." Ta ja numfashi. "Na sha ce mai, ku biyu tsofaffi, Argungu nan ce, ka tai ka gan shi mana. Shi ce sai aiki ya yi sauƙi. To ga shi."

Carbin ya motsa a hannunta. Can ta ce, "Ina anka zaunar da kai?"

"Waje, tare da mutane."

"Wane ɓangare?"

"Tabarmar baƙi."

"Musaddiq."

"Na'am, Inna."

"Duk waɗanda ke jikin bangon nan, ban da Alhaji, ba wanda yas san ubanka kahin wanga bawan Allah. Ƙwarya ɗaya sunka sha hura. Ka shimfiɗa mai kusa ga Alhaji." Sannan ta juyo da muryarta wajen labulen. "Dikko, ya haƙurinmu?"

Tun da Bawa ya rasu ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Sai da ya share fuska da hannun riga sannan ya ce, "Haƙuri sai godiya."

Suka fito. Har suka wuce zaure fuskar Musaddiq ba ta gama sakewa ba. Amma da suka isa rumfa ya ɗauko darduma da kansa, ya matsar da tasa, ya shimfiɗa a tsakaninsa da Alhaji Abdussamadu. "Zauna nan, Baba Dikko."

Dikko ya zauna, bayansa ya jingina da bango. Daga nan ana ganin titi duka, da masu zuwa, da ƙarshen tabarmar da ya bari, inda rana ta riga ta cinye. Alhaji Abdussamadu ya ɗan muskuta ya ba shi wuri. Sai Dikko ya lura Musaddiq a hagunsa yake, inda ubansa ya saba zama a bencin Malam Tamba.

Wata mota ta tsaya, wasu baƙi suka fito, mutanen wani kamfani daga Sakkwato. Suka biyo layi suna ba da hannu. Na gabansu bai san Dikko ba. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Baba, ya haƙuri? Ɗan uwanka ne?"

Dikko ya ji gefen sitikar da ke aljihunsa yana sukar ƙirjinsa. Daga yau duk akwatin da ya liƙa wa, haka za ta zauna, ba mai zuwa ya ɗora rawaya ya bar masa gefe.

"Tare munka koyi aiki," ya ce.

"Allah shi jiƙanai."

"Amin," in ji Dikko, ya miƙa wa na bayansa hannu.